Barimar Hanci Mai Murɗi: Jan Hankali ga Matan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Hujin hanci ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun kaka da kakanni matan Barebari suna maƙala murjani a hanci, daga baya finafinan Indiya suka ƙara cusa wa 'yan matan Kano sha'awarsa. Abin da ya sauya shi ne barimar kanta. Wadda ido ya fi kaiwa gare ta yau, tun daga shagunan kayan kwalliya na Titin Kotu har kasuwar Tarauni, ita ce mai murɗi, domin ba ta faɗuwa da sauƙi. To, 'yan uwa mata, ku sani abin da ya ƙi faɗuwa yana kwana ne a cikin naman mutum, saboda haka ba a sayensa don ƙyalli kaɗai.

Iri biyu ce. Akwai mai lanƙwasasshiyar wutsiya kamar ƙugiya, wadda ake murzawa a hankali har wutsiyar ta kwanta a cikin hanci. Akwai kuma mai noti, wadda ake ɗaure ta daga ciki. Mai lanƙwasa tana da ta dama da ta hagu. In aka sa ta inda ba nata ba, sai wutsiyar ta riƙa leƙowa waje ko tana sukar tsakiyar hanci. A duba tsawon sandar kuma. In ta yi gajarta takan matse fata har dutsen adon da ke kanta ya nutse, in ta yi tsawo ta riƙa lilo tana fama ciwon.

Babbar magana ita ce ƙarfen. Yawancin barima mai araha ruwan gwal aka shafa mata, a ƙarƙashi kuwa akwai wani ƙarfe mai suna nikel, wanda jikin mata da yawa ba ya jituwa da shi. Da zarar ruwan ya goge sai ƙaiƙayi, sai ƙuraje, sai wurin ya dinga tsatsafo da ruwa, a ce wai jininta ne ba shi da kyau. Ba jini ba ne, ƙarfe ne. Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita nikel a kayan ado tun 1994, mu kuwa a nan idonki ne dokarki. In zinare za ki saya, nemi hatiminsa: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. A auna a gabanki, a ba ki rasit, domin hatimi ma ana ƙirƙirarsa. Wadda ba ta da halin zinare ta nemi titaniyam. Azurfa kam ado ce mai kyau, amma ta jira sai huji ya warke, don takan dusashe ta bar baƙin tabo a fata.

Kada a yarda da allura ɗaya ta zaga hancin ƙawaye a gidan biki ko a ɗakin kwanan makaranta. Ta haka ciwon hanta da ƙanjamau suke samun hanya. Sabuwar allura, a buɗe ta a gabanki, mai hujin kuma ta wanke hannu ta sa safar hannu.

Daga nan sai haƙuri. Hanci ba kunne ba ne. Yakan ɗauki wata uku, wani ma har shida, kafin ya warke sarai. Amaryar da ta huda saura mako biyu a sa ta a lalle ta sayi wahala da kuɗinta. A wanke wurin safe da yamma da tafasasshen ruwan da ya huce, a jefa ɗan gishiri kaɗan. Ban da man zafi, ban da toka, ban da hoda a bakin hujin, kuma a daina murza barimar da sunan kada ta manne. Wajen alwala a shaƙa ruwa a face a hankali, musamman da hunturu, lokacin ƙura da mura. A kula da niƙabi da tawul, su ne masu fizga.

Idan wurin ya kumbura, yana zogi, yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, kada ki cire barimar da kanki, don bakin hujin yana iya rufewa da mugunyar a ciki. Ki nufi asibitin unguwa. In abin ya fi ƙarfinsu, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan a Titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, tafiyar ɗan sahu ce kawai. Wadda kuwa ta san ko ƙaramin rauni ta ji tabonsa yakan yi tudu ya ci gaba da girma, ko akwai mai irin haka a gidansu, gara ta haƙura da hujin baki ɗaya, domin irin wannan tabo ya fi kama baƙar fata, kuma ko an yanke shi yakan dawo.

Masu goyo su riƙa taɓa notin kowace safiya su tabbatar a ɗaure yake. Jariri ba ya ganin abu mai ƙyalli ya ƙyale, kuma duk abin da ya kama, baki yake kai shi.