Darasin Wannan Wata: Abubuwa Biyu da Suka Faru a Ranar Ashura

Kwanan baya na tambayi yaranmu na karatun ƙarshen mako abin da suka sani game da ranar 10 ga Muharram. Yarinya ɗaya ce ta amsa, ta ce ranar cika-ciki ce. Ba laifinsu ba ne. Kalandar makarantarsu ba ta san Muharram ba, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, sai ranar ta zo ta wuce ba a lura ba. To ga abin da ya kamata mu gaya musu.

Na farko, a wannan rana Allah ya kuɓutar da Annabi Musa (AS) da Banu Isra'ila. Sun baro Masar, teku a gabansu, rundunar Fir'auna a bayansu. Allah ya tsaga musu tekun suka haye, Fir'auna ya biyo su ya nutse. Da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, ya tarar Yahudawa suna azumtar ranar don godiya. Ya azumce ta, ya umarci sahabbai su azumta. Bayan an wajabta azumin Ramadan a shekara ta 2 bayan Hijira, sai na Ashura ya zama nafila, mai kankare zunuban shekarar da ta gabata.

Na biyu, a ranar 10 ga Muharram, shekara ta 61 bayan Hijira, wato 680 Miladiyya, aka kashe Sayyidina Husaini ɗan Aliyu (RA), jikan Manzon Allah, a Karbala ta ƙasar Iraƙi. Ya ƙi yi wa Yazidu mubaya'a, mutanen Kufa suka yi ta rubuto masa wasiƙu ya zo, da ya taso suka janye jiki. Runduna ta tsare shi da iyalansa da mutum saba'in da 'yan kai, aka hana su ruwa alhali kogin Furatu na kusa da su.

Ku duba: a rana ta farko ruwa ya cinye azzalumi, a ta biyu an hana mai gaskiya ruwan sha. Duka biyun sun baro gida saboda zalunci. Ɗaya ya haye, ɗaya ya yi shahada, kuma babu wanda ya taɓe a wurin Allah.

Wannan ya shafe mu, mu da ke zaman baƙunta. A cikinmu akwai wanda takardunsa suka fito, aiki ya samu. Akwai wanda shekara da shekaru yana jira, ko kuɗin haya na gagararsa. Kada mai wadata ya ɗauka ya fi ɗan'uwansa daraja a wurin Allah, kada mai jira ya ɗauka an manta da shi.

Sai mu azumci tara da goma, domin Manzon Allah ya yi niyyar haɗawa da tara amma ya yi wafati kafin shekarar ta zagayo. Idan an sha ruwa, a zaunar da yara a ba su labarin biyu, a kuma aika wa maƙwabcin da ba shi da kowa a garin nan abinci.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya yaye wa kowa damuwarsa. Amin.