Darasinmu na yau: mene ne ma'anar «ɗan Nijar»?

Ranar kasuwar Tanut, jama'a iri-iri ne ke haɗuwa. Ga Bahaushe da hatsinsa, ga Buzu da raƙuminsa, ga Bafillace da shanunsa, ga Babarbare, ga Balarabe. Kowa da harshensa, kowa da al'adarsa. Amma idan aka tambaye su ƙasarsu, amsa ɗaya ce: ƴan Nijar ne.

Yadda ake faɗin kalmar

Namiji: ɗan Nijar.
Mace: ƴar Nijar.
Masu yawa: ƴan Nijar.

A Hausa, ana sa «Ba» a gaban suna don a nuna asalin mutum: Bahaushe, Bazabarme, Badamagare. Ana sa «ɗan» ko «ƴar» don a nuna garinsa ko ƙasarsa: ɗan Tanut, ƴar Balbeji, ɗan Nijar.

Ƙabila daban, ƙasa daban

Ɗan Nijar ba sunan ƙabila ba ne. Bahaushen Gangara da Bahaushen Kano harshensu ɗaya, amma na Gangara ɗan Nijar ne, na Kano ɗan Najeriya ne. Buzun Tarka da Bazabarmen Doso harshensu ba ɗaya ba ne, amma dukkansu ƴan Nijar ne. Ƙabila gado ce ta gida. Zama ɗan ƙasa kuwa doka ce ke tabbatar da shi.

A zamanin kakanni, lokacin da ayarin raƙuma ke bi ta Damargu tsakanin Agadas da Kano, mutum yakan ce shi mutumin Damargu ne, ko na Damagaram, ko na Abzin. An kafa Jamhuriyar Nijar ranar 18 ga Disamba 1958. Ƙasar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Sunan ƙasar daga babban kogin nan da ya bi ta Yamai ya fito. Najeriya ma daga wannan kogi ta samu sunanta. Shi ya sa sunayen biyu suke kama.

A lura da baƙi ɗaya

A takardun da aka rubuta da Faransanci, ɗan Nijar shi ne *nigérien*, ɗan Najeriya kuwa *nigérian*. Bambancin baƙi ɗaya ne tak: na Nijar da «e», na Najeriya da «a». Duk wanda aka yi wa takarda, ya duba wannan baƙi da idonsa kafin ya bar ofis. Kuskure ƙarami a nan yakan jawo wahala babba a bakin iyaka. Ga ɗaya daga cikin amfanin yaƙi da jahilci.

Wa doka ta ce ɗan Nijar ne?

Yaron da ubansa ɗan Nijar ne, shi ma ɗan Nijar ne. Tun shekarar 1999, yaron da uwarsa ƴar Nijar ce shi ma haka ne.

Amma faɗa da baki ba ta isa ba. Sai da shaida. Tushen shaida ita ce takardar haihuwa. Da ita ake samun takardar zama ɗan ƙasa a wurin alƙali, da katin ɗan ƙasa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yakan sha wuya ranar jarrabawa a lakkol. Mai zuwa ci-rani Kano ko Libiya, in ba shi da kati, me zai nuna a hanya?

Saboda haka manoma da makiyaya, da zarar an haihu, a je a sa sunan jariri a rajista, mace ko namiji. Wanda ya girma ba shi da takarda, ya je wurin alƙali tare da shaidu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Yaya ake kiran mace wadda ƙasarta Nijar ce?
2. Shin duk Bahaushe ɗan Nijar ne?
3. Wace shekara Nijar ta samu ƴancin kai?
4. Ku rubuta a allo: «Ni ɗan Nijar ne», «Ni ƴar Nijar ce».