DARASI: Haɗin Gwiwar Gwamnati da Ikkilisiya Wajen Riƙe Makaranta

'Yan'uwa, a wannan darasi za mu duba yadda gwamnati da ƙungiya mai zaman kanta, kamar ikkilisiya, za su iya riƙe makaranta tare. Haɗin gwiwa shi ne kowa ya ɗauki nasa kaya, a kuma san kayan kowa tun farko.

Daga ina muka fito?

Mishan ne suka kafa makarantun boko masu yawa a Nijeriya. Bayan yaƙin basasa, a 1970, Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, wasu jihohi suka bi sahu. Daga baya aka fara mayar da su. Jihar Legas ta mayar da wasu a 2001. A 2011 Gwamna Peter Obi na Anambra ya mayar wa ikkilisiyoyi makarantun firamare 1,040. Amma gwamnati ba ta janye hannu ba: ta ci gaba da biyan albashin malamai, ta ba da kuɗin gyara, ikkilisiya kuwa ta riƙe shugabanci da tarbiyya.

Me za mu koya?

Albashin malamai shi ne kaya mafi nauyi. In gwamnati ta sauke shi, a kan iyaye zai faɗa. Kuɗin makaranta ya hau, ɗan gwauruwa ya koma kiwo, 'yar talaka ta koma talla. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da na ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma wajibi. Taimakonmu ba ya sauke wannan haƙƙi daga wuyan gwamnati.

Saboda haka, kafin mu buga bulo ko ɗaya, mu zauna da hukumar ilimi ta ƙaramar hukumarmu, a rubuta yarjejeniya:

1. Malamai nawa za a turo, wa zai biya su?
2. Fili da gini na wane ne?
3. Wa zai gyara rufi da kujeru?
4. Kada a kori yaro don rashin kuɗi ko bambancin addini.
5. Kwamitin makaranta, da mata a ciki, ya riƙa karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a.

Alkawarin baki yakan tafi tare da wanda ya yi shi in an canja masa wurin aiki. Takarda ita ke zama.

Tambayoyi domin tattaunawa

Wa ke biyan malaman makarantar ƙauyenmu? Yara nawa ne a unguwarmu ba sa zuwa makaranta, me ya hana su? Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata su kawo amsa a taro mai zuwa.