Jirgi Tun Daga Kwata Yake Fara Nutsewa

Jama'ar Taraba, a saurara. Mutumin Jalingo yana iya cewa ina ruwansa da zancen jirgin ruwa, tunda garinsu ba a bakin Binuwai yake ba. To, da ruwansa. Kifin Mayo Ranewo da na Lau a jirgi yake isowa gaɓa kafin ya hau mota. Kuma da ambaliya ta karya gadar Namnai a 2024, a kan hanyar Wukari, matafiyin da bai taɓa shiga kwalekwale ba sai da ya shiga.

A ƙarshen Oktoba 2023 wani jirgi ya taso daga kasuwar Mayo Ranewo, cikin Ardo Kola, zai tafi Binnari a Karim Lamido. Ya kife a Binuwai da 'yan kasuwa, har da mata da yara. Aka yi kwanaki ana neman gawawwaki, alƙaluma suna ta saɓawa, don ba a san takamaiman yawan waɗanda suka shiga ba. Littafi guda da biro a kwata da sun raba wannan gardama.

Mai jirgi, da kai muke. In hatsari ya auku akan ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma Annabi ya hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma igiyar tana hannunka tun jirgi yana ɗaure.

Dubi bakin jirginka bayan an gama lodi. In tsakaninsa da ruwa bai wuce tafin hannu ba, ka riga ka yi ganganci. Buhunan masara a ƙasa, babura a kai, mutane a kan buhuna, nauyi ya koma sama. Igiyar ruwa ɗaya ta fantsamo, mata su yi salati, kowa ya zabura ya koma gefe guda, shi ke nan. Ɗan kamasho da ke cewa "saura mutum biyu, Alhaji" ba zai bi ku ba. A tudu zai ƙirga kuɗinsa.

Dubi kuma yaron da ke kwarfar ruwa da yankakken galan. In tun ba a tashi ba bai huta ba, katako ya buɗe, sai a jawo jirgi tudu a toshe a shafe da kwalta. Inji ma haka. Injin da ya mutu a tsakiyar kogi yakan bar jirgi ya juya ya ba ruwa haƙarƙari, saboda haka kada a tashi ba filafili da gora da isasshen mai.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. Ba don a takura maka ba ne. Da damina, balle in Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, kogi yakan ɗauko kututture da itatuwa, su kwanta ƙarƙashin ruwa. Da rana ma da ƙyar matuƙi yake gane su.

Wani jirgin kuwa a ɗaure yake nutsewa, ba kowa a ciki. Ruwan sama ya kwana yana zuba ba mai kwarfewa, ko an ɗaure shi tamau kogi ya ƙaru cikin dare ya danne bakinsa. A sassauta igiya, a sa mai gadi. In har ya nutse, a kira sarkin ruwa da masunta su taya jawowa. Kada a yi gaggawar tayar da injin. A cire fulogi, a tsiyaye ruwan da ya shiga, a zubar da man da ya gauraye, sannan a kai wa makaniki a ranar, kafin tsatsa ta kama cikinsa.