Yadda Ake Auna Maganin Barin Shan Taba

Jama'a, ku sani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar taba tana hallaka mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara. Abin da ke ɗaure mashayi ga sigari shi ne wani sinadari da ake kira nikotin. Amma kwalta da gubar da ke cikin hayaƙin su ne ke jawo sankarar huhu da ciwon zuciya. Saboda haka aka yi dabarar bai wa mai son tuba nikotin zalla, ba tare da hayaƙi ba, a riƙa rage masa sannu a hankali har jiki ya saba. Tun 1984 aka yarda da cingam ɗin nikotin a Amurka, kuma a 2009 Hukumar ta sa irin wannan magani cikin jerin muhimman magunguna.

Ba a yi wa kowa awo ɗaya. Likita zai yi tambaya biyu: kara nawa kake sha a yini, kuma yaushe kake kunna na farko bayan ka farka?

Na ɗaya, filasta da ake liƙawa a fata. Wanda ke shan fiye da kara 10 a yini zai fara da mai miligiram 21 har mako 6, sa'an nan mai 14 mako 2, daga bisani mai 7 mako 2. Wanda shansa bai wuce kara 10 ba zai fara da mai 14 mako 6, ya ƙarasa da mai 7. A liƙa sabo kowace safiya a dantse ko ƙirji, a riƙa sauya wuri.

Na biyu, cingam. Wanda ke kunna taba cikin minti 30 da farkawa, mai miligiram 4 ya dace da shi. Saura su ɗauki mai 2. A tauna kaɗan har a ji yaji, sai a ajiye shi tsakanin kumatu da dasashi. Kada a sha kofi ko lemo minti 15 kafin taunawa, kada kuma a wuce guda 24 a yini.

In sha'awar taba ta ƙi kwanciya, ga yawan fushi da rashin natsuwa, to awon ya yi kaɗan. Likita yana iya haɗa maka filasta da cingam, domin haɗin ya fi ƙarfi. In kuwa aka ji jiri, tashin zuciya ko bugun zuciya da sauri, awon ya yi yawa, sai a rage.

Mata masu ciki, da masu shayarwa, da wanda bai daɗe da ciwon zuciya ba, da yara 'yan ƙasa da shekara 18, lalle su ga likita tukuna. A ajiye maganin nesa da ƙananan yara.

Wanda ya yi tuntuɓe ya koma sha, kada ya fid da rai. Da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su dace. Ka tafi asibiti mafi kusa da kai, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha, domin da ita zai auna maka.