Kafin a Biya Kuɗin Makaranta: Yadda Ake Auna Kwalejin Injiniya da Gudanarwa Mai Zaman Kanta

A shekarar 1862 wani masanin halittu na Ingila mai suna Henry Walter Bates ya wallafa bayani game da wasu malam-buɗe-littafi da ya yi nazari a kurmin Amazon. Ya lura cewa akwai waɗanda ba su da dafi ko ɗaci, amma sun ɗauki launin wasu irinsu da tsuntsaye suke ƙyamar ci. Kamar nan kawai ita ce ke tserar da su. Irin wannan dabara tana nan a gonakin ƙasar Hausa, inda akan ga wani ƙuda mai ratsin baƙi da ɗorawa yana shawagi a kan fure, a zaci zuma ce ko rina, alhali ko harbi ba ya iyawa. Mai son bambancewa sai ya dubi abin da ba a iya kwaikwaya: ƙuda fikafikai biyu gare shi, zuma kuwa huɗu.

Ɗalibin da ke shirin kammala sakandare, yana kuma da niyyar karanta aikin injiniya ko ilmin gudanarwa a makarantar kuɗi, yana bukatar irin wannan ido. Ƙofa mai ado, da fenti, da takardar talla mai sheƙi, da suna mai daɗin faɗa, duk abubuwa ne da kowane mai jari zai iya saye cikin 'yan watanni. Abin da za a nema shi ne fikafikan.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin zargi ga makarantu masu zaman kansu ba. Daga cikinsu akwai waɗanda suke da kayan aiki na gari, ga kuma babbar fa'ida ta cewa yajin aiki ba ya tsayar da karatunsu, alhali jami'o'in gwamnati sun yi kimanin wata 8 a rufe a 2022. Sai dai tarihinsu a Nijeriya ya nuna dalilin yin hattara. A farkon shekarun 1980 an buɗe jami'o'i masu zaman kansu fiye da 20 ba tare da wani tsayayyen ma'auni ba, har gwamnatin soja ta soke su baki ɗaya da doka a 1984. Wata doka ta 1993 ce ta sake ba da dama, amma bisa sharuɗɗa, kuma sai a 1999 aka ba uku na farko lasisi, watau Igbinedion da Babcock da Madonna. A Arewa, Jami'ar Al-Qalam ta Katsina da Jami'ar Amurka da ke Yola sun fara karatu a 2005. Yau adadin masu zaman kansu ya haura ɗari, ban da kwalejojin fasaha.

Lasisin makaranta daban, amincewa da kwas daban

Nan ne yawancin iyaye suke faɗawa rami. Idan aka tambayi jami'in makaranta ko gwamnati ta san da su, nan da nan zai nuna takardar lasisi da aka rataye a bango cikin gilashi. Takardar tana iya zama ta gaskiya, amma abin da take nufi kawai shi ne an yarda a buɗe makarantar. Ba ta ce komai ba game da kwas ɗin da ɗalibi yake so ya karanta. Makaranta ɗaya tana iya samun cikakkiyar amincewa a fannin akanta, a kuma hana ta a fannin injiniyan gine-gine.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke tantance kwasa-kwasan digiri. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha, NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedkwatarta kuma tana Kaduna, ita ke da alhakin ƙaramar difloma da babbar difloma. Saboda haka tambaya ta farko ita ce: wace takarda makarantar take bayarwa, wace hukuma kuma ke bisanta? Kwalejin da ba jami'a ba ce, amma tana alkawarin digiri, wajibi ne ta kasance a ƙarƙashin wata jami'a, kuma sai NUC ta amince da wannan haɗin. Cewa kawai "muna da alaƙa" da jami'a kaza a ƙasar waje bai wadatar ba.

Sakamakon tantancewar NUC iri uku ne. Akwai cikakkiyar amincewa, wadda ke aiki shekara 5. Akwai ta wucin-gadi, ta shekara 2, wadda ma'anarta ita ce an ga giɓi, an ba da lokaci a gyara. Akwai kuma hanawa, inda ake dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin. Tunda digirin injiniya shekara 5 ne, ɗalibin da ya shiga kwas mai amincewar wucin-gadi ya san cewa za a sake yanke hukunci a kan kwas ɗinsa tun bai kai rabin hanya ba. Ya kamata a tambayi shekarar da aka yi tantancewar, sa'an nan a duba jerin da hukumar kanta take bugawa a shafinta na intanet. Hukumar takan kuma fitar da sunayen jami'o'in bogi lokaci-lokaci.

Fannin injiniya yana da ƙarin mai gadi, watau majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970. Ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma tana yin tata tantancewar dabam da ta NUC. Wanda ya gama kwas ɗin da COREN ba ta amince da shi ba zai sha wuya wajen samun rajista, wanda kuwa ba shi da rajista doka ba ta ba shi ikon sa hannu a zanen gada ko bene a matsayin injiniya ba. A 2023 Nijeriya ta zama wakiliya ta wucin-gadi a yarjejeniyar Washington, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe masu cikakken wakilci ke karɓar digirin injiniyan juna, amma wannan gata na kwasa-kwasan da aka tantance ne kurum. Mai babbar difloma kuma ya sani cewa rajistar da zai fara samu ta masanin fasaha ce, ba ta injiniya ba. Aiki ne mai daraja, amma gara a san bambancin tun daga farko.

Akwai tarko ɗaya da ya rage. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa tsarin CAPS, kuma duk gurbin karatun da ba ta nan ya bi ba, hukumar ba ta san da shi ba. Makarantar da ta ce wa yaro ya biya kuɗi ya fara shiga aji, daga baya "za a daidaita" takardunsa, tana wasa ne da shekarunsa, domin wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB ba a kiransa hidimar ƙasa. Haka kuma wadda ta yarda ta ɗauki ɗalibin injiniya ba tare da kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri ba, ta riga ta bayyana abin da ta fi bukata a wurinsa.

Ƙidaya a ɗakin gwaje-gwaje

Bayan takardu sai ziyara, kuma a yi ta ranar karatu, ba ranar da aka shirya don baƙi ba. Ana iya koyar da tarihi a gindin bishiya, amma ba a koyon injiniya sai hannu ya taɓa ƙarfe. Ɗalibin gine-gine dole ne ya kwaɓa kankare, ya zuba shi a mazubi mai tsawon milimita 150 ta kowane gefe, ya jiƙa shi a ruwa, ya matse shi da inji bayan kwana 7 da kuma bayan kwana 28, ya ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fashe. Na fannin injuna yana bukatar injin sassaƙa ƙarfe da kayan walda. Na lantarki yana bukatar na'urorin awo da injinan da zai haɗa ya kuma kwance da kansa.

Ganin inji bai isa ba. Injin da ake aiki da shi yana da alamu: ɓarɓashin ƙarfe a ƙasa, tabon mai, da littafin da ake rubuta sunayen waɗanda suka yi amfani da shi. Wanda ke lulluɓe da leda, babu ko ƙwarzane a jikinsa, kayan kallo ne. Sa'an nan a yi ɗan lissafi. A ce aji yana da ɗalibai 60, injin sassaƙa ɗaya ne, darasin gwaji kuma awa 3 ne a mako. Minti 180 a raba wa mutum 60, kowa ya tashi da minti 3, wanda bai kai a ɗaure ƙarfen a kan injin ba. A irin wannan aji mutum biyu ko uku ne za su yi aiki, saura su kwafi sakamako. A tambayi kuma inda wuta take fitowa, domin janaretan da ke haska ofishin shugaba ba lalle ne ya iya tayar da injin walda ba.

Malamai ma ƙirga su ake yi. Ma'aunin NUC a fannin injiniya shi ne malami 1 ga ɗalibai 15, a fannin gudanarwa kuwa 1 ga 30. Sashen injiniya mai ɗalibai 300 ke nan yana bukatar malamai 20. Amma sunayen da ke cikin takardar talla suna iya ruɗin mutum, saboda da yawa daga cikin manyan malaman makarantun kuɗi na aro ne daga jami'o'in gwamnati. Aro ba laifi ba ne, farfesan da ke zuwa sau ɗaya a mako yana iya amfanar da ɗalibai ƙwarai. Matsalar ita ce sashen da duk manyansa baƙi ne, babu wanda zai zauna ya duba aikin binciken shekarar ƙarshe. Jadawalin darussa da ke manne a allon sanarwa ya fi takardar talla faɗin gaskiya, domin sunayen masu shiga aji ne a kansa. Kada kuma a manta da ma'aikatan fasaha na ɗakunan gwaji, waɗanda a hannunsu ɗalibi yake koyon riƙon kayan aiki.

Fannin gudanarwa ya fi wuyar aunawa da ido, tunda allo da kujeru sun isa a buɗe shi, shi ya sa ma yake da arha ga masu makarantu. Abin dubawa a nan shi ne ko ƙungiyoyin ƙwararru irin su ICAN da ANAN sun san da kwas ɗin akanta, da ko ɗalibai suna taɓa kwamfuta su yi aikin ƙididdiga da ita, da kuma shekarun da aka buga littattafan da ke laburare.

Samfuri daga tsakiyar buhu

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Yakan soka ƙarfe mai rami a tsakiya da ƙasa, ya ga abin da zai zubo. Wannan ita ce ƙa'idar ɗibar samfuri da ake koya wa ɗaliban kimiyya, kuma tana aiki a nan. Makaranta za ta nuna hotunan tsofaffin ɗalibanta biyar da suka sami aiki a manyan kamfanoni. Biyar daga cikin nawa? In daga 20 ne, abin yabo ne. In daga 500 ne, hotunan ba su nuna komai ba, domin ko makarantar da ba ta koyar da komai za ta yaye 'yan ƙalilan masu hazaƙa ko masu hanya. Samfurin ƙwarai shi ne wanda mai bincike ya zaɓa da kansa: ɗaliban shekarar ƙarshe da aka tarar a wurin cin abinci, ba waɗanda ofis ya turo ba.

Tambaya mafi amfani gare su ita ce inda suka yi aikin koyon sana'a na SIWES, shirin da asusun ITF ya fara a 1973. Ɗaliban injiniya a jami'a sukan yi wata 6 a masana'anta a shekara ta huɗu. In yawancinsu a masana'antu ko wuraren gini suka yi, kuma malamansu sun bi su sun duba, makarantar tana da mutunci a wurin masu ɗaukar aiki. In kuwa amsar ita ce kowa ya nemo hatimi ya buga a littafinsa, an ji abin da ake bukata.

Batun kuɗi da karatun waje

Kuɗin da za a lissafa na shekara 5 ne, haɗe da masauki da kuɗin gwaji da na jarrabawa, ba na zangon farko kaɗai ba. Hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuma makarantar kuɗi ba ta da tallafin asusun TETFund, don haka duk ƙarin da ta fuskanta a kan iyaye yake sauka. Bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka buɗe a 2024 da ɗaliban makarantun gwamnati ya fara. Yaron da kuɗi ya yanke masa a shekara ta uku ba shi da takarda, sauya makaranta kuma kan jawo maimaita aji.

Masu hangen ƙetare suna da ƙarin aiki. A Indiya, inda kwalejojin injiniya da gudanarwa masu zaman kansu suke da yawan gaske, hukumar AICTE ke ba da izini, hukumar NBA ke tantance kwas, digirin kuma yawanci daga jami'ar da kwalejin take ƙarƙashinta yake fitowa, don haka sunan wannan jami'a ne abin tambaya. Dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, abin da ya tsayar da karatun yara da dama. A watan Janairu na 2024 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako 6. Hukuncin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah.

Malaman sakandare suna iya mayar da wannan duka darasin aji. A raba ɗaliban aji shida rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni takardar tallar wata makaranta, su ware abin da aka faɗa wanda za a iya tabbatarwa daga wanda ba za a iya ba, su nemi sunan kwas ɗin a jerin NUC ko NBTE da na COREN, su kuma rubuta tambayoyin da za su yi da za a kai su ziyara. Rukunin da ya kasa samun kwas ɗinsa a jerin sai ya rubuta wa makarantar wasiƙa, ya nemi lambar takardar amincewa da kwanan watan da aka ba da ita.