Tsohuwar Rijiya Ba Juji Ba Ce

Duk wanda ya taɓa jan guga a Ikara, Makarfi ko Kudan ya san ruwan rijiya yana hawa yana sauka. A watan Agusta gajeruwar igiya ta isa, a watan Maris kuwa sai an yi mata ƙari. Ba sai an koya muku wannan ba. Ruwan damina ne yake nutsewa, ya ratsa yashi da tsakuwa, ya taru a kan dutsen da ke can ƙasa, sannan ya riƙa tsattsafowa a rijiyoyi da fadamu. Masu noman rake da tumatir sun fi kowa shaida: idan injinan ban-ruwa suka yi yawa a fadama da rani, rijiyar wanda bai kunna inji ba ma takan ja baya. Ashe ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katangar kowa ba. Tunda haka ne, kada a mai da tsohuwar rijiya juji, kada kuma a mai da ita masai.

Ga yadda ɓarnar take somawa. Rijiyar gida ta ƙafe, an haƙa sabuwa kusa da madafi. Uwargida ta yi shara, ta ga rami a buɗe, ta tura. Amarya ta biyo da famfas ɗin jariri, yara suka jefa matattun baturan tocila da mushen kaza, suna leƙawa su ji ƙarar faɗuwarsa. Maigida ya dawo daga feshi da galan ɗin maganin ciyawa a hannu. "Malam, wurga shi can mana, kada yaran nan su ɗauka su sha ruwa da shi," in ji uwargida. Ya wurga, ya kakkaɓe hannu, kowa yana ganin an yi dabara. Damina ta kankama, ruwa ya taso ya jiƙa tarkacen nan. Da yaran maƙwabta suka fara gudawa, sai aka shiga neman wanda ya yi musu baki, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Wani zai ce ai ƙasa tana tace ƙazanta. Gaskiya ne, amma ƙasar sama ce take wannan aiki, ita kuwa rijiya an haƙe ta ne har cikin ruwan, don haka abin da aka jefa ya tsallake matata. Wani kuma zai ce ruwansa garai yake, ba wari ba launi. Ido ba ya ganin guba. A Arlit da Akokan, arewacin Nijar, kamfanin Cominak ya haƙi yuraniyom daga 1978 zuwa 2021, ya bar tulin dusar ma'adinai wajen tan miliyan 20. Masu bincike sun auna ruwan wasu rijiyoyin yankin, suka sami yuraniyom fiye da kima. Can hamada ce, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Mu nan kowace shekara damina tana tura abin da muka binne zuwa ƙasa. Kada a mai da tsohuwar rijiya juji.

Wanda ya fi ban haushi shi ne mai cewa gidansa ne, raminsa ne, ba ruwan kowa. Ramin naka ne, malam, ruwan ba naka ba ne. Da shi maƙwabcinka yake alwala, da shi matarsa take dama kunun goyo.

Rijiyar da ta mutu, a cike ta da laka, a daddaɓe, a rufe bakinta. Masai kuma a haƙa shi ta gangare, aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, har da ta bayan katanga. Galan ɗin maganin feshi a huda shi, a ajiye nesa da ruwa da yara, a nemi shawarar malamin gona. In akwai irin wannan rami a gidanku, ku cike shi tun da rani, kafin ruwan farko ya sauka.